Kwamfutar Da Makirufo Ba Zai Ji Ba: Yadda Aka Haɗa Wa Wata Mai Karanta Littattafai A Kano

Matar da wannan bayani ya shafa malamar sakandare ce a Kano. Da rana tana aji, da dare kuma tana karanta littattafan Hausa da izinin marubutansu, ta naɗi muryarta, ta tace, ta ɗora a YouTube da hoton bangon littafin a tsaye. Kayan aikinta ba su da yawa: makirufo mai kwasar kowane motsi, ɗan akwatin sauti da ake jonawa ta USB, manhajar Audacity, sai wata laftof ta hannu da ta sha jiki.

Laftof ɗin ce matsalar. Da an yi minti goma ana naɗa sai 'yar fankar cikinta ta ɗauki kuka, makirufo kuwa ba ya zaɓe, da muryar malama da kukan fanka duk ɗaya ne a wurinsa. Ta kan yi amfani da wurin rage hayaniya na Audacity ta goge kukan, amma in aka matsa masa da yawa sai ya haɗa da muryar ya ci, ta koma kamar ta mai magana daga cikin randa. Masu sauraro suka fara ƙorafi. Da ta zo wurina maganarta gajeriya ce: "Injiniya, ni ba gudu nake nema ba. Shiru nake so, kuma kuɗina ba su da yawa."

Sharuɗɗan aikin

Kafin a ambaci sunan kowane kaya sai da muka zauna muka duba inda kwamfutar za ta rayu. Ɗaki ne ƙarami. Lokacin naɗa murya ana rufe tagogi saboda ƙarar babura da carar zakarun maƙwabta, a kuma kashe fankar sama domin ita ma makirufo na jin ta. Wanda ya san Kano daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ya san abin da rufaffen ɗaki ke zama ko da dare ne. In sanyi ya shigo kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar hunturu ce ke shiga kowace kafa. Wutar gidan rabi ta layi ce rabi ta sola, da inbata ƙarama da batir biyu waɗanda fitilu da firij ma suke ci a jikinsu.

Zancen kuɗi kuwa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu a kan dala ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin kayan kwamfuta ya daina zama wuri ɗaya. Duk kayan daga waje suke zuwa, ko ta Computer Village a Ikeja ko kai tsaye zuwa shagunan titin Beirut da Farm Centre. Don haka ba mu tsaya kan adadi ba, sai muka tsara wane kaya ne za a ba kaso mai tsoka, wane ne za a matse.

Tambayar farko da na yi wa kaina ita ce ko haɗawar ma dole ce. Kasuwa cike take da kwamfutocin ofis na gwanjo, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, masu araha da ƙarko, kuma ga mai buga takardu ko mai shagon kafe su nake fara nuna masa. Abu biyu ya hana a nan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel (firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ta gaza zubi na takwas, alhali mafi arahar na gwanjon zubi na huɗu zuwa na bakwai ne. Na biyu, ƙananan cikinsu matsattsu ne, fankokinsu ƙanana, akwatin wutarsu, wanda ke raba wa kayan ciki wuta, kuma na kamfanin ne shi kaɗai, ba kowanne ke shiga ba. Idan ka saya ka ji tana da ƙara, hannunka a ɗaure yake.

Inda ƙara take fitowa

Ƙanin malamar ya rako ta zuwa na biyu, saurayi ne mai son wasan kwamfuta, da jerin kayansa a waya. "Yaya, in babu katin girafik ai ba kwamfuta kika saya ba," in ji shi. Ya samo katin sarrafa hoto mai suna RX 580 na hannu a farashin da ya ce ba za a sake gani ba.

Na fahimci abin da ya ja shi. Tun da Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙa, wato samar da kuɗin ta hanyar sa katunan girafik lissafi, a watan Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana a gonakin haƙar kirifto suka malalo kasuwa da araha. Amma ko da katin sabo ne fil, RX 580 tana cin wuta har wat 185. Kusan duk wutar da kwamfuta ta ci zafi take komawa, zafin nan kuma dole iska ta kwashe shi, iskar kuma fanka ce ke kaɗa ta. Mai son kwamfuta ta yi shiru, aikinsa na farko shi ne ya rage abin da ke haifar da zafin tun daga tushe. Tace murya da haɗa ta da hoto guda a tsaye ba ya buƙatar kati, ƙaramin girafik ɗin da ke cikin firosesa ya wadatar. Da muka cire katin daga lissafi, fankoki biyu sun fita, wat kusan ɗari biyu sun fita daga wuyan batir, kuɗi masu kauri kuma sun dawo hannu. Saurayin bai ji daɗi ba, amma ba shi zai zauna gaban makirufo ba.

Firosesa da madabod

Uku muka auna. Core i3-12100 na Intel, wanda ya fito a Janairun 2022, yana da ƙwayoyin sarrafawa huɗu kuma an ƙiyasta shi a wat 60. Yayansa i5-12400 yana da shida, sai dai in aiki ya yi nauyi yakan kai wat 117. Na uku shi ne Ryzen 5 5600G na AMD, ɗan 2021, mai ƙwayoyi shida da wat 65. Duk ukun suna da girafik a ciki, duk suna aiki da ram (ma'ajiyar wucin gadi) irin DDR4 in an dace da madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan a kai. Na Intel suna da wata fasaha ta matse bidiyo da sauri mai suna Quick Sync, kuma da malamar bidiyon kyamara take tacewa da can zan karkata. Muka ɗauki 5600G saboda mun same shi tare da madabod a wurin mutum ɗaya da ragi, kuma AMD ta yarda a sauke shi zuwa wat 45 daga cikin BIOS, wato wurin saitin madabod, abin da ya yi mana amfani daga baya.

Akwai tarko a nan da mutane ke yawan faɗawa. A wurin Intel, duk firosesar da sunanta ya ƙare da F, kamar 12100F ko 12400F, babu girafik a cikinta. A wurin AMD na wannan zubi kuma akasin haka ne: mai G ce ke da shi, 5600 da 5600X da 5500 ba su da shi. Mai shago zai ce maka wannan ta fi araha kuma ƙarfinsu ɗaya, gaskiya ya faɗa, amma in ka kai gida ka jona allo ba abin da zai fito sai ka sayi kati.

Madabod ba mu daɗe a kansa ba. B550 matsakaici muka ɗauka, ba don wani ado ba sai don yana da wuraren jona fanka huɗu masu ƙafa huɗu-huɗu, waɗanda ake iya juya gudunsu. Mun kauce wa X570 domin yawancinsu suna da wata 'yar fanka a jikin allon, ƙarama mai siririyar murya. Sai dai madabod ɗin da ya daɗe a shago zai iya ƙin gane 5600G sai an sabunta masa BIOS, shi ya sa na ce mai shagon ya ɗora firosesar ya kunna a gabanmu kafin kuɗi su fita daga hannu.

Ram guda biyu muka saka, kowanne gig 8 mai gudun 3200, maimakon guda ɗaya mai 16. Girafik ɗin cikin firosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, a jikin ram yake ci, kuma sanda biyu suna buɗe masa hanya biyu.

Wurin ajiya SSD ne irin NVMe, ɗan siririn da ake kwantarwa a jikin madabod. Ba abin da ke motsi a cikinsa, don haka ba shi da sauti. Tsohon faifai mai juyawa sau 7,200 a minti yana da gurnani da ƙas-ƙas da ke bin ƙarfen akwati. Mun yi lissafi: murya ɗaya da aka naɗa a 48 kHz da bit 24 tana cin kimanin megabait 518 a awa, wato gig 500 zai ɗauki ɗaruruwan awoyi. Tsofaffin karatu kuma suna komawa faifan waje, wanda ake jonawa bayan an gama naɗa a cire.

Akwati: inda muka fi jayayya

A nan ne shawarar da ake karantawa a intanet ta fi saɓa wa ƙasarmu. Idan ka nemi akwatin shiru, abin da za a nuna maka shi ne irin na Fractal Design na Suwidin ko be quiet! na Jamus, masu rufaffiyar ƙofa a gaba da soso a manne a bango don shanye sauti. Kaya ne masu kyau, ba na musu. Amma masu gwada su suna zaune ne a ɗakunan da zafinsu bai fi digiri ashirin da 'yan kai ba. Ƙa'idar kuwa ita ce duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan shi firosesa ke ƙaruwa. Ɗauki akwatin nan ka ajiye a rufaffen ɗaki a Kano cikin Afrilu, iskar da zai shaƙa ta riga ta fi tasu zafi da digiri goma sha wani abu, ga hanyar shigarta a matse. Fankoki za su ƙara gudu su rama, ƙarar da soson ya shanye ta dawo ta wata ƙofa. Ga tsada, ga wahalar samu.

A ɗaya gefen kuma akwai akwatunan da suka cika kasuwa, masu gilashi a gaba da gefe da fankoki huɗu masu wutar ado. Malamar da kanta ta ƙyasa ɗaya. Na sa aka buɗe mata bayansa ta ga wayoyin: fankokin ba madabod suke zuwa ba, kai tsaye suke shan wuta daga akwatin wuta ta wani tsohon fulogi mai faɗi, ma'ana gudu ɗaya gare su, cikakke, daga kunnawa har kashewa. Gilashin gaban kuma ya toshe su, sai wata 'yar tsaga a gefe suke jan iska ta ciki.

Abin da muka saya akwati ne na ƙarfe marar kwalliya, gabansa raga ce da matatar ƙura da ake zarewa. Na ƙwanƙwasa gefensa da yatsa a shagon, domin ƙarfe mai sirantaka da yawa yakan ɗauki rawar fanka ya riƙa kaɗawa. Fankar da ta zo da shi muka cire, muka sa Arctic P12 guda uku masu faɗin milimita 120, irin waɗanda gudunsu ke sauka har 200 a minti ya hau zuwa 1,800. Babbar fanka mai tafiya a hankali tana tura iskar da ƙarama sai ta yi ihu kafin ta tura. Biyu a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Wannan rashin daidaito da gangan ne: idan iskar da ke shiga ta fi mai fita, ragowar takan fice ta ramukan akwatin, ƙura ba ta samun shiga sai ta gaba inda matata ke jiranta. In aka juya lissafin, mai fita ta fi yawa, akwatin zai riƙa zuƙo ƙura ta kowace kafa, kuma wanda ya taɓa buɗe kwamfutar da ta yi hunturu biyu a haka ya ga yadda jar ƙura ke yin kauri a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har iska ta kasa ratsawa.

Na'urar sanyaya firosesa

5600G yana zuwa da tasa a kwali, Wraith Stealth, kuma tana aikinta, ba za ta bar shi ya ƙone ba. Aibinta ƙanƙanta: ƙarfenta kaɗan ne, don haka da an buɗe wata manhaja zafi ya ɗan motsa sai fankar ta zabura, ta sauka, ta sake zabura. Kunne yana sabawa da sauti mai tsayawa wuri ɗaya, amma mai hawa da sauka ba ya bari a manta da shi, haka ma manhajar goge hayaniya ta fi iya kama sautin da ba ya canzawa. Muka ƙara kuɗi kaɗan muka ɗauki Deepcool AK400, doguwa mai bututun tagulla huɗu da fanka 120. An yi ta ne don firosesar da ta fi wannan zafi nesa ba kusa ba, abin da muke so ke nan, domin ta yi aikin tana hutawa. Tsayinta milimita 155 ne, sai da muka tabbatar murfin akwatin zai rufu a kanta. Noctua ta Ostiriya ita ce gwanar wannan fage, amma kuɗin guda ɗaya ya isa ya sayi tamu da fankokin akwatin gaba ɗaya. Mai sanyaya da ruwa kuwa ko tayawa ban yi ba, tana da famfo da ba ya tsayawa, ga tsoron yoyo.

Akwatin wuta

Nan ne na hana a yi rowa. Kasuwa na da akwatunan wuta da aka rubuta wa wat 650 ko 800 a jiki, ka ɗaga ka ji ba nauyi, farashinsu bai kai na fanka biyu ba. Irin su ne ke tafiya da madabod ranar da aka kawo wuta da ƙarfi. Kwamfutar nan gaba ɗayanta ko an matse ta ba za ta kai wat 150 ba, don haka ba yawan lamba muke nema ba, inganci muke nema. Muka ɗauki mai wat 550 na sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus Bronze, a kwalinsa da hatiminsa. Ma'anar tambarin ita ce a rabin nauyinsa aƙalla kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya ja yana isa ga kwamfuta, ragowar ce ke zama zafi. Mai tambarin Gold yana kai kashi 90, amma a kan ɗan abin da wannan kwamfuta ke ci bambancin 'yan wat ne, bai biya ƙarin kuɗinsa ba. Akwai kuma masu tsayar da fanka ɗungurungum in aiki ba nauyi. A ƙasa mai sanyi abin sha'awa ne, a ɗaki mai zafi kuwa wasunsu sai su riƙa tashi suna tsayawa, mu kuma mun fi son wadda za ta yi ta juyawa a hankali ba fashi.

Wani amfanin akwatunan wuta na kirki shi ne yawancinsu suna karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, saboda haka in wutar layi ta yi ƙasa ba sa damuwa da wuri. Amma suna da zaɓen inbata. Inbata mai araha da ke fitar da wuta mai gaɓa-gaɓa takan sa su yi zuza, wani lokaci su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta inbatar ta karɓa. Na sa malamar ta ɗauko mini hoton takardar da ke manne a jikin tata, muka ga an rubuta mai tsabtatacciyar igiya ce, wato wutarta ba mai gaɓa-gaɓa ba ce, hankali ya kwanta.

Bayan an ɗaure kusoshi

Haɗawa ba ta ɗauki yamma guda ba. Saitin BIOS ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne matakin da yawancin masu haɗawa ke tsallakewa. Na sauke firosesar zuwa wat 45. Na tsara fankokin akwati su tsaya a wajen 700 a minti har sai zafi ya kai digiri 65, daga nan su hau a hankali, na kuma sa musu jinkirin 'yan daƙiƙu don kada su riƙa amsa kowane ɗan tsalle na zafi. AMD ta sa iyakar wannan firosesa a digiri 95, saboda haka babu dalilin firgita don an ga 70. Mutane da yawa suna wahalar da kunnuwansu ne wajen neman 40 da ba ta ƙara musu komai.

Da aka kai gida aka kunna, a tsaye kusa da ita sai ka kasa kunne kafin ka san tana aiki. Amma gwajin farko na naɗa murya ya fito da wani abu dabam: kukan fanka ya tafi, sai ga wani gurnani mai kauri a ƙarƙashin muryar, ba ya hawa ba ya sauka. Da muka duba shi a Audacity sai ga shi zaune daram a kan 50 Hz, wato bugun wutar layinmu. Laftof a kan batirinta take naɗa, shi ya sa ba a taɓa jin sa ba. Na taɓa bayan akwatin da bayan hannu na ji ɗan tsikari. Muka kwance soket ɗin bango, ramin waya ta uku fayau, ba a taɓa ja masa wayar ƙasa ba, kamar yadda yake a gidaje da yawa. Aka kira mai gyaran wuta ya kafa sandar tagulla a tsakar gida ya jawo waya zuwa ɗakin. Gurnanin ya ɓace, tsikarin ma haka. Wannan kuɗi ne da ba ya cikin lissafin farko, kuma ko ba don sauti ba ya kamata a kashe shi.

Sauran gyaran ba na kuɗi ba ne. Sauti yana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da nisa ya ninka, ko da yake a cikin ɗaki bango na mayar da wani abu. Muka sayi doguwar wayar allo da ta USB, muka ɗauke kwamfutar daga kan teburin muka kai ta kusan mita biyu, a kan wani ɗan benci don kada ta zauna a ƙasa tana shan ƙura. Makirufonta irin mai ji ta gaba ne, bayansa kurma ne, sai muka juya zaman yadda bayan nasa zai kalli kwamfutar. Na nuna mata yadda ake zare matatar gaba a kakkaɓe, duk mako in hunturu ya kama, in kuma za a busa cikin da abin hura iska a riƙe fanka da yatsa kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.

Yanzu tana naɗa babi guda ba tare da ta taɓa wurin goge hayaniya ba, sai in jirgi ya wuce ko akuya ta yi kuka. Ba komai ne ya warware ba. Da rana tsaka a watan Afrilu, in tana fitar da bidiyon awa biyu, fankokin suna tashi a ji su sarai, sai dai lokacin makirufo a kashe yake. Sauke firosesar zuwa wat 45 ya ɗan ƙara wa fitar da bidiyo lokaci, ta ce ta yarda da cinikin. Zafin rufaffen ɗaki kuwa yana nan, kwamfutar ta fi mai ita jure shi. Akwai kuma abin da na faɗa mata tun a shago: soket ɗin AM4 da wannan firosesa ke zama a kai tsohon gida ne, tun 2022 AMD ta koma AM5 da ram irin DDR5, saboda haka ranar da za ta so babban sauyi sai ta canza madabod da ram tare. Idan kuma ta fara ɗaukar bidiyo da kyamara, ramin katin girafik yana nan a buɗe, wat 550 ɗin kuma za su ɗauki matsakaicin kati, sai dai a ranar za a sake zama a kan saitin fankoki.